KWALBATIN DA KE KAN TAKARDA

Shafi na 19

Masu ta turo saƙo suna tambaya ko Dije ta amsa kiran ofis, to ta amsa. Ku gyara zama.

*

Tun ƙarfe tara na safiyar Juma'a Dije da Rhoda suke zaune a kan benci a ƙofar Sakataren ƙaramar hukuma. Sai wajen sha ɗaya masinja ya leƙo ya ce su shigo.

Dije ta bar tukunyar tuwonta a hannun maƙwabciya, ga shi lokacin tashin ma'aikatan masaƙa ya kusa. Amma an ce shugabar matan Layin 'Yan Tuwo ake nema, kuma ita suka zaɓa, Rhoda na mataimakiya. Asabar goma sha ɗaya suka yi, su mata sittin da 'yan kai, suna kwashe babbar kwatar da ta ratsa Makera da shebur da kwanduna. Alƙalan gasar tsafta ta shekarar tamanin da shida suka zo suka gani, suka ce a duk kudancin kogi babu unguwar da ta kai tasu. Gobe za a ba su kofi.

Alhaji Haruna, Sakataren, bai ɗago daga fayil ɗin gabansa ba.

"Ku zauna. Wace ce Dijen?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"An ce kina karatu."

"Na yi yaƙi da jahilci. Hausa nake karantawa, ita ma a hankali."

"Ya isa." Ya turo mata wata takarda. "Gobe Kwamishina zai miƙa miki kofi, sai ki karanta wannan a lasifika. Na sa an buga miki da manyan baƙaƙe. Gwada mu ji."

Dije ta goge hannunta da bakin mayafi ta ɗauka.

"Mu matan Makera muna godiya ga Allah. Muna godiya ga ƙaramar hukuma da ta ba mu shebur ashirin da baro shida..." Ta ɗago. "Baro huɗu ne, ranka ya daɗe. Ɗaya ma ba taya."

"Ci gaba."

"...da kuma sabon kwal... kwalbati da ta gina mana a mararrabar makaranta, wanda ya kawo ƙarshen..."

Ta tsaya.

Rhoda ta juyo gaba ɗaya a kan kujerarta.

"Maman Asabe, sake karanta wurin nan."

Dije ba ta sake ba. A mararrabar makaranta babu kwalbati. Katako uku ne aka gitta a kan kwatar. A kansu ne bara da damina ruwa ya ɗauke Lydia, 'yar Rhoda mai shekara bakwai, tana hanyar makaranta. Sai washegari aka same ta can kusa da kogi. Mutuwar yarinyar ce ta fito da matan unguwa da shebur. Har yau Maman Lydia ake kiran Rhoda, ita ta ce kada a canza.

"Ranka ya daɗe," in ji Dije, "wane kwalbati?"

"Wanda ke cikin kasafin bana."

"Yana cikin kasafi, ko yana kan kwata?"

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ta sosai.

"Malama, aikin gwamnati ba tuwo ba ne, da za a tuƙa yanzu a kwashe yanzu. Abin da ya shiga kasafi kamar an yi shi ne."

"To a rubuta za a gina. Zan karanta haka, har in ƙara da addu'a."

"Ba ke za ki gaya min abin da zan rubuta ba."

"Haka ne. Amma da bakina za a faɗa."

Rhoda ta ɗora hannu a kan teburin.

"Oga, ka taɓa zuwa wurin?"

"Ina da injiniyoyi."

"'Yata a wurin ta mutu."

"Na ji labari, Madam. Sai haƙuri. Shi ya sa ma muke so a rufe maganar cikin mutunci."

"A rufe ta," Rhoda ta maimaita a hankali. "Yarinyar muka rufe, oga. Kwatar tana nan a buɗe."

Alhaji Haruna ya jingina da kujera. Ya jawo wani fayil daga ƙasa ya buɗe, ya fara juya takardu ba tare da gaggawa ba.

"Rumfunan nan naku na bakin kwata, guda nawa ne ke da takardar izini?"

Dije da Rhoda suka dubi juna.

"Tun watan jiya duba-gari suka kawo min rahoto a rushe su. Ni na danne shi, saboda ina ganin mutuncinku." Ya juya wata takardar. "Sannan Nuhu, direban tifar sharar da muka ɗauka wata uku da suka wuce, ba mijinki ba ne? Na ga har yanzu na wucin gadi ne."

Shekara biyu Nuhu ya yi a zaune bayan masaƙa ta rage ma'aikata. Dije ta ga ranakun da yake fita neman aiki da asuba ya dawo ƙafa duk ƙura, ya ƙi cin tuwon da ta ajiye masa don kunyar da kuɗinta aka yi shi. Ranar da ya shigo gida da kakin ƙaramar hukuma, sai da ya tsaya gaban madubi kamar ango.

Ta ajiye takardar a kan teburin, ta daidaita ta da yatsa.

"Kofin nan da bayanmu muka ci shi. Gobe zan zo in karɓa. Takarda kuwa ga ta nan."

"In ba ki karanta ba, wata za ta karanta."

"A cikin matan da suka yi kwana uku suna zaman makokin Lydia? Nemo ta, ranka ya daɗe."

Ta miƙe. Rhoda ma ta miƙe.

"Kina da daga yanzu zuwa gobe," ya ce a bayansu. "Ki tambayi mijinki shawara. Ya fi ki sanin inda abin yake."

*

Sun kusa ƙofar fita sai Rhoda ta ja mayafin Dije. Wata budurwa ce tsaye a bakin famfon bayan ofis tana wanke hannu, tana yi musu alama da ido. Scholastica ce, mai buga tafireta, 'yar cocin su Rhoda. Sikola kowa ke ce mata.

"Kada ku kalle ni," ta ce da suka iso. "Ku yi kamar ruwa za ku sha."

Dije ta sunkuya ta tara hannu.

"Ni na buga jawabin nan jiya, Mama. Tun jiya ban ci abinci ba." Ta zaro wata takarda a ninke daga jakarta ta miƙa wa Rhoda ta ƙasa. "Karanta da sauri, abeg. Dole in mayar da ita fayil kafin a tashi masallaci."

Da Turanci aka rubuta. Rhoda ta bi layukan da yatsa, leɓenta na motsi. Da ta kai tsakiya sai ta tsaya.

"Me aka ce?" in ji Dije.

"An ce an gama kwalbatin tun watan Maris. An duba, aiki ya yi kyau. An biya ɗan kwangila kuɗinsa cif."

"Wane ɗan kwangila?"

"Ban taɓa ganin fuskarsa ba," in ji Sikola. "Suna ne kawai. Na dai san fentin hanya da rumfunan bikin gobe daga nan suka fito. Sauran ba ta tebur ɗina ya bi ba."

"Shi ya sa yake son in faɗa a gaban Kwamishina."

"Eh. In shugabar mata ta gode a lasifika, shi ke nan, ba mai sake tambaya. Shekara mai zuwa ma ba za a sa shi a kasafi ba, tunda an riga an gina."

Rhoda ba ta ɗago ba. Idonta na kan ƙasan takardar.

"Maman Asabe."

"Na'am."

"Akwai shaida daga unguwa."

"Mai unguwa ne?"

Rhoda ta juyo mata da takardar. Dije ba ta iya Turanci ba, amma ta san sunanta in ta gan shi. Dije Nuhu. A gefensa an dangwala babban yatsa da shuɗiyar tawada, har da ɗan tsagin nan da wuƙar yankan kuɓewa ta bar mata tun tana budurwa.

Ta duba yatsan nata. Ta sake duba takardar.

Watan Maris. Tana tsugune tana wanke kwanoni da la'asar, Nuhu ya shigo da takardu biyu da ƙaramin gwangwanin tawada. Ya ce na karɓar shebur ne. Ta ce ya ba ta biro, ai ta iya rubuta sunanta. Ya ce a'a, yatsa suka ce. Shi da kansa ya goge mata hannun da bakin rigarsa, ya kama yatsan ya dangwala.

Bayan kwana tara ya samu aiki.

"Wa ya kawo miki?" in ji Rhoda.

Dije ta rufe famfon.

"Sikola, mayar da takardarki. Allah ya yi miki albarka."

*

Nuhu ya dawo daga masallacin Juma'a ya zauna a tabarma, ya jawo kwanon tuwo. Dije ta tura 'yarsu Asabe gidan maƙwabta, ta saki labule, ta zauna a gabansa.

"Malam, takardar shebur ɗin nan ta watan Maris."

Loma na hannunsa. Bai kai ta baki ba.

"Me ya same ta?"

"Na gan ta yau."

Ya mayar da lomar cikin kwano.

"Wa ya nuna miki?"

"Wannan ne abin da za ka tambaya?"

Daga waje ana jin masu gwada lasifikar biki a filin makaranta, ɗaya biyu, ɗaya biyu.

"Sun ce za a gina," ya ce. "Wallahi haka suka ce min. Wai takarda ce kawai don a fitar da kuɗin tun da wuri, in damina ta wuce a fara aiki."

"Ka yarda?"

"Na so in yarda."

"Kai ka shiga ruwa har wuya kana neman Lydia. Kai ka ɗauko ta."

"Dije."

"Kai ka miƙa wa Monday mijin Rhoda gawar 'yarsa a hannu. Sannan ka zo ka kama yatsana."

"Shekara biyu ina cin tuwonki," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "Shekara biyu Asabe in tana son kuɗin littafi sai ta wuce ni ta je wurinki. Kin san yadda wannan yake?"

"Na taɓa yi maka gori?"

"Da kin yi ma da ya fi min sauƙi."

Ta san gaskiya ya faɗa. Ta dube shi, ramar da ya yi a shekarun nan har yanzu ba ta gama cikowa ba. Tausayinsa ya taso mata, ta haɗiye shi.

"Gobe ba zan karanta ba."

"To ki ce ba ki da lafiya. Ki zauna a gida."

"Zan je."

"In kika buɗe baki zai fito da takardar. Sunanki ne a kai, ba nasa ba. In aka matsa, ni za a fara kamawa. Ba ki san girman abin nan ba, Dije."

"Ba zan ambaci sunanka ba. Ko a gaban alƙali."

"To me za ki ce?"

"Abin da na gani da idona."

"Rumfarki fa?"

"Su rushe. A kan tire na fara, zan koma kan tire."

"Aikina fa?"

Ta ɗago ta dube shi.

"Damina ta kama, Malam. Asabe ma ta kan katakon nan take bi."

Ya tashi ya wanke hannu, bai ci ko loma ɗaya ba. Washegari kafin ta idar da sallar asuba ya ɗauki kakinsa ya fice.

*

Filin makarantar ya cika tun hantsi. An shafe duwatsun bakin hanya da farin fenti, an kafa rumfuna uku, 'yan makaranta na ta fareti. Ta hanyar sama aka shigo da motocin Kwamishina. Ta ɓangaren mararraba kuwa an kafa wani dogon allo na kwanon rufi, an rubuta BARKA DA ZUWA, ya tare kwatar gaba ɗaya.

Aka yi jawabai. Aka kira sunan Dije.

Kwamishina, wani dogon dattijo mai tabarau, ya miƙa mata kofin. Ya fi yadda ta zata nauyi. Mata suka yi guɗa. Alhaji Haruna ya matso da murmushi, ya cusa mata takardar jiya a hannu, ya gyara mata tsayin lasifika.

Ta dubi takardar. Ta dubi Rhoda a layin gaba, da Monday a gefenta.

"Assalamu alaikum. Mun gode da kofi. Mun gode da shebur ashirin da baro huɗu."

Wasu mata suka yi dariya.

"Ranka ya daɗe Kwamishina, an rubuta min a nan in gode da sabon kwalbati. Ni kuma ban iya godiya a kan abin da ban gani ba. Wurin yana bayan allon can, bai fi taku ɗari ba. Ka zo mu je tare. In yana nan, a gabanka zan durƙusa in gode."

Lasifikar ta ɗauke.

Ba ta jira a gyara ba. Ta rungumi kofin ta sauko daga kan dandamali ta nufi allon. Rhoda ta bi ta. Sai layin gaba ya tashi, sai na biyu, sai matan duka. Wani ɗan sanda ya buɗe hannu zai tare, ya ga yawansu, ya sauke. Suka sa kafaɗa a jikin allon sau biyu, a na uku ya kwanta.

Katako uku. Ɗaya ya fara ruɓewa. Ruwan daren jiya na gudu a ƙarƙashinsu.

Da Dije ta waiwaya, Kwamishina na tsaye a bayanta, ƙasan babbar rigarsa ya taɓa laka. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Ina kwalbatin?"

"Ga shi nan, oga," in ji Rhoda. "A kansa 'yata ta bi."

Kwamishina ya juya yana neman Sakatare. Alhaji Haruna ya riga ya iso, fayil a hammata, ko gumi babu a goshinsa.

"Ranka ya daɗe, ni ma yau na fara ganin wannan. Mu a ofis da takarda muke aiki. An kawo mana shaida daga unguwa cewa an gama, muka biya." Ya zaro takardar. "Ga shi. Matar nan da kanta ta dangwala. In akwai cuta, da ita aka haɗa baki."

Matan da ke kusa suka fara kallon Dije.

Kwamishina ya karɓi takardar ya duba.

"Malama, yatsanki ne?"

"Nawa ne."

"Kin san abin da ke ciki?"

"Ban sani ba sai jiya."

"To wa ya kawo miki?"

Ta gyara riƙon kofin.

"Malama, ki taimaki kanki. Wa ya kawo miki takardar nan?"

"Ranka ya daɗe, tambayi wanda ya biya kuɗin wa ya biya. Shi ya san fuskarsa."

"Ke nake tambaya."

"Ba zan faɗa ba."

Alhaji Haruna ya ɗan ɗaga kafaɗa ya dubi 'yan sandan. Biyu suka fara matsowa. Rhoda ta sha gaban Dije, Monday ya tsaya kusa da matarsa. Dije ta ƙara rungume kofin, ta kafa ƙafa.

Sai aka ji ƙarar babbar mota ta hanyar sama.

Tifar shara ce. Ta gangaro a hankali ta gitta a bakin ƙofar makaranta, daidai inda motocin manya za su fita, ta tsaya. Direban ya kashe inji, ya zare makulli ya sa a aljihu, ya diro.

Nuhu ne, cikin kakinsa, da wata tsohuwar ambulan a hannu.

Mutane suka dare masa. Bai kalli Dije ba, bai kalli Sakatare ba. Ya zo gaban Monday ya ɗan tsaya. Sannan ya wuce gaban Kwamishina ya cire hula.

"Ranka ya daɗe, ku ƙyale ta. Matata ce. Ni na kai mata, na ce mata ta shebur ce."

"Kai wane ne?"

"Direba ne. Ni ake aika da su."

Kwamishina ya dubi ambulan ɗin.

"Da su?"

"Eh, ranka ya daɗe. Tata ce ta farko." Nuhu ya buɗe bakin ambulan ɗin. "Unguwa bakwai aka aike ni da irin takardar nan, ga kwafinsu."